Baƙar Salun da A-Kori-Kura

Shafi na 14

To, ga ni. Masu turo mini saƙo tun jiya wai na bar Habi kwance da dafi a jiki na tafi cin tuwona, Allah Ya huci zuciyarku. Ba ni na sare ta ba, maciji ne. Wanda yau ya shigo kuma ya matso, za ni gaya masa a gurguje, don ba ni maimaitawa.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tattara su tafi. Alhaji Labbo attajiri ne a Sabon Birni, yana safarar atamfa da goro zuwa Maraɗi, yana da baƙar salun da ya saya hannun wani Baturen gyaɗa. Ƙanensa Usmanu, wanda kowa ke kira Manu, yana zaune a Isa da tsohuwar a-kori-kura mai ɗaukar gero da awaki. Habi ita ce 'yar farin Alhaji, amma tun daga yaye Manu da matarsa Fatsuma suka riƙe ta, su suka aurar da ita a Turba. Kun dai san kunyar ɗan fari a wajenmu. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya kallonsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu. Shekara ashirin da uku bakin Alhaji bai taɓa cewa "Habi" ba.

Ranar da muke magana, da hantsi, kububuwa ta sare ta a gonar gero. Mijinta ya tafi Madawa da kaya.

* * *

A Turba, Manu ya riga ya juya a-kori-kura, bayanta na kallon ƙofar gidan Habi. Ya jera buhunan ƙaiƙayi uku, ya ɗora tabarma, ya ja tamfol a sama saboda hadarin da ke haɗuwa gabas. Sau uku yana ƙulla igiya tana kwancewa.

A zaure Habi na kwance a jikin Fatsuma. Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Mai maganin gari ya tsaga, ya tsotse, ya shafa, ya ba ta jiƙo, amma jinin wurin tsagar bai tsaya ba. Yanzu in ta buɗe baki ja ake gani tsakanin haƙoranta.

"Inna," ta ce a hankali, "ɗanɗanon ƙarhe nika ji."

"Tohe, ɗiyata. Tohe, kak ki haɗiye."

Manu ya leƙo.

"Ku ɗauko ta. In mun tashi yanzu, kahin la'asar mun ƙetare gulbi mun kama hanyar Ƙaura. Asibitin Gusau suna da allurar maciji."

Bai rufe baki ba aka ji ham ɗin salun daga bakin gari.

Ranar kasuwar Isa ce, labari ya iske Alhaji a rumfa.

Ni dai wajen kyau ban ga abin da za a ce da motar nan ba. Doguwa ce, baƙa wuluk, ƙarfen gabanta na ɗaukar ido. Kujerunta jar fata ce mai laushi, gilashinta murɗawa ake yi ya hau ya sauka, in tana tafe ba ka jin kukanta sai ta zo kanka. Sai dai cikinta kusa da ƙasa yake, tsakani bai fi taƙi ɗaya ba. Don kwaltar Kaduna aka ƙera ta. A-kori-kurar Manu kuwa muni kam ta kai, ƙofa ɗaya da waya ake ɗaure ta, sai an murɗa ƙarfe a hancinta take tashi, in ta faɗa rami har haƙoranka sai sun haɗu. Amma doguwar ƙafa gare ta, ƙato na rarrafawa ta ƙarƙashinta ya fita ta can.

Direba Ɗanmusa ya buɗe ƙofa. Alhaji ya fito, 'yan dakonsa biyu suka biyo shi, ƙarti masu wuya kamar turmi. Bai kalli zauren ba. Ya tsaya yana duban wata bishiyar aduwa kamar ita ta kawo shi.

"Manu. An ce wani abu ya samu yarinyar gidanka."

Yarinyar gidanka! Kun ji fa. Alhali gumi ya jiƙa masa riga har baya, ya bar rumfa a buɗe, ko takalmi ƙafa ɗaya bai sa daidai ba.

"Kububuwa ta, Yaya. Gusau za ni kai ta."

"Cikin mi?"

"Cikin mota."

"Wace motar?"

Manu ya nuna da haɓa.

"Ba ta shiga wagga," Alhaji ya ce.

"Yaya, damina ta. Jiya an kwana ana ruwa can tudu, gulbin Bunsuru ya kawo. Salun ba ta ƙetare mashigi yau."

"Motar da Bature yash shiga har Ikko?"

"Bisa kwalta yash shiga. Nan duwatsu na da laka. Ruwa na kai ma salansa, inji ya mutu."

Ɗanmusa ya sosa ƙeya.

"Alhaji, gaskiya dai maganar Malam Manu..."

"Wa ya sa da kai? Ruhe min baki!"

Mutanen Turba sun taru, maza da fartanya a kafaɗa, mata na leƙe ta saman danga. Alhaji ya taka zuwa bayan a-kori-kura, ya ɗaga tamfol da yatsa biyu, ya saki.

"Awaki kaka ɗauka nan. Hwatu. Taki. Gawa nawa ka ɗauko daga Gusau bisa katakon ga?"

"Na ɗauko gawa, na kuma kai masu rai sun dawo da ƙahwassu."

"Mai ɗakina hwa?"



Binta yake nufi, uwar Habi. Shekara biyu da suka wuce ciwo ya kama ta da damina, Alhaji yana Maraɗi, Manu ya ɗauke ta a wannan motar. Da ya dawo da gawa ya ce ta kai asibiti, an kwantar da ita a gado, likita ya duba ta, ta yi kalmar shahada ta cika. Haka kowa ya sani. Haka Habi ta sani.

"Yaya, ba yanzu ba."

"Yanzu na! Ka ce bisa gado tac cika."

"Yaya..."

"Na tahi Gusau da ƙahwata. Na samu malamin asibitin da yak karɓe ku. Ya ce gawa anka kawo musu. Ta yi sanyi, ta jiƙe sharkaf, goshinta a hwashe inda ya dinga bugun ƙarhe tun daga hanya." Alhaji ya nuna shi da yatsa. "Kana gaba kana tuƙi, ba ka ko san sa'ad da ta tahi ba. Shekara biyu ina cin abinci da kai, ina kallon bakinka."

Daga zaure aka ji Habi ta yi wani sauti, ba kuka ba, ba magana ba.

Manu ya sunkuyar da kai.

"Na ɓoye don kak ka ji abin da nij ji."

"Ka ɓoye don motakka! Kuna cewa na sayi salun don 'yan kasuwa su ce Alhaji, don in yi kahwaɗa da Di'o. Ku ce. Na saye ta don kada wani nawa shi ƙara mutuwa bisa katako kamar tunkiya."

Wani nawa. Iyakar abin da bakinsa ya iya ke nan, kuma wallahi ni kaina da na zo nan sai da na ajiye wayar na share ido. Amma gaskiya ɗaya ce, salun ba ta ƙetare gulbi, ko da kuka aka saye ta.

Manu ya ɗago.

"Na yi maka laihi. In mun dawo ka yanka ni. Amma Habi ɗiyata ta, ni na goya ta, kuma cikin motar da za ta kai ta za ta shiga."

Ya juya ya shiga zaure, ya ɗauko ta cak. Kanta ya faɗa a kafaɗarsa, jini ya ɗiga masa a wuya.

Alhaji ya tare hanya.

"Aje ta."

"Ba ni wuri, Yaya."

Tas!

Marin ya sa kunnen Manu ya ɗauki ƙara. Bai saki Habi ba. Ya miƙa ta ga Fatsuma da wasu mata biyu, ya juyo, ya sa hannu biyu a ƙirjin yayansa ya hankaɗe shi.

Alhaji Labbo ya faɗi zaune cikin laka. Rawani ya yi gefe.

"Innalillahi!" in ji matan danga.

Ƙanen da tun tasowarsu bai taɓa ɗaga masa murya ba!

'Yan dakon nan ba su jira an ce musu komai ba. Na farko ya rungumo Manu ta baya, Manu ya sa ƙeya ya fasa masa hanci. Na biyun ya kai masa naushi a ciki, ya ƙara a baki, haƙori ya fito da jini. Suka yi ƙasa su uku, laka na tashi. Manu ya ciji kunnen ɗaya har sai da ya yi ihu kamar ɗan akuya. Ya miƙe da gwiwa, ya kama gefen motarsa zai tashi.

Mai fasasshen hancin ya zaro ƙarfen da ake tayar da motar da shi.

"Kai! Kai! Kada..."

Ƙas!

A hannun hagu ya same shi, ƙasa da gwiwar hannu. Kowa ya ji ƙarar. Hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa.

Manu bai yi ihu ba, numfashi ne ya ɗauke masa. Ya kife.

Alhaji ya tashi, laka har gemu. Idonsa ya rufe. Ya fizgi taɓarya hannun wata mata, ya ɗaga, ya sauke a gilashin gaban a-kori-kura. Tartsatsi ya watsu. Ya ƙara. Ya yar da taɓaryar, ya zaro wuƙar damtsensa, ya durƙusa ya luma ta a tayar gaba har ƙota. Iska ta fita da dogon tsaki, motar ta karkata.

"Yanzu ka kai ta in gani," ya ce yana haki. Ya juya ga matan, idonsa a ƙasa. "A sa marar lahiya cikin mota."

Fatsuma ta tsaya tsakanin mijinta da Habi, ta rasa inda za ta nufa.

"Malam..."

Manu ya ɗaga kai daga laka, bakinsa duk jini.

"Bi ta. Kak ki bar ta ita ɗai."

* * *

Babu wurin 'yan dako a salun, don Habi ta cinye kujerar baya a kwance. Nan aka bar su a Turba. Motar ba ta gama ɓacewa ba suka ga manoma sun zagaye su, kowa da fartanya.

"Ku kashe su!" wata tsohuwa ta ce. "Cikin garinmu!"

An fara. Ƙotar fartanya ta sauka a bayan ɗaya, ɗayan ya sha dutse a goshi.

"Ku bar su!" Manu ne, ya jingina da taya. "Ina son ƙarhinsu. Jak ɗina ya karye tun bara. Su ɗaga min mota."

Haka aka yi. Ƙartin da suka karya shi su suka sa kafaɗa a ƙarƙashin motarsa, jini na zuba daga hancin ɗaya, manoma shida na taya su. Maƙerin gari ya kwance tayar, Manu na gaya masa inda zai murɗa. Aka ɗaura safaya, wadda ta sha faci har ba a gane asalin robar. Wani dattijo ya tsinci rawanin Alhaji a laka, ya haɗa kara biyu ya ɗaure masa hannun, ya rataya a wuya.

"Ɗana, da hannu guda za ka tuƙi?"

"Baba, murɗa min ƙarhen nan kawai."

Giya a hagu take. Duk sa'ad da zai canja sai ya danne sitiyari da gwiwa, ya ƙetara da hannun dama. Kowane rami ya shiga, ƙashin nan sai ya gaisa da ɗan'uwansa. Ya fita Turba yana zagi, yana salati, yana zagi.

* * *

A cikin salun kuwa shiru ne, sai ƙamshin fata. Gaskiya motar ta yi abin da aka saye ta dominsa. Ramukan da ke jefa mutum sama a a-kori-kura, ita lilo kawai take yi ta wuce.

"Inna," Habi ta ce, ido a lumshe, "laushi."

Alhaji na gaba, wuyansa a sandare, bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Can ya yi gyaran murya.

"Ɗanmusa. Tambayi na baya ko ana jin girgiza."

"Alhaji na tambaya ko..."

"Mun ji," Fatsuma ta ce. "Ba a ji. Amma jini ya hwara hita ta hanci."

Alhaji ya damƙe gwiwarsa.

"Ƙara wuta."

Suka iso gulbi rana ta karkata. Mashigin motoci wuri ɗaya ne tak, inda ma'aikatan En'e suka jera duwatsu da gumagumai a ƙasan ruwa, faɗin mota ɗaya, aka kafa turaku dama da hagu. Ka kauce wa turakun nan, rami ne mai cin raƙumi. Da rani yara ke wasa a wurin. Yau ruwa ja ne, yana gudu da karan dawa da rassan itace, turakun kawunansu kaɗai ake gani.

Masu fito, waɗanda ke ƙetarar da mutane da manyan goruna, suka taso suna ɗaga hannu.

"Alhaji, ina za a da wagga? Yau sai kamyo, babbar motar kaya, sai irin ta Manu!"

"Ko mu ƙetarar da marar lahiyar da gora?" in ji babbansu.

"In kun ƙetarar da ita, wa ka ɗaukatta can? Da ƙahwa za ta Gusau?" Alhaji ya dubi direba. "Shiga."

"Alhaji, inji na shan ruwa."

"Shiga nac ce!"

Ɗanmusa ya yi bisimilla ya shiga.

Taku goma lafiya. Ashirin lafiya. Ruwa ya rufe taya, ya hau ƙofa, ya fara lasar fitilu. Daidai tsakiya motar ta yi tari sau biyu, ta yi wata shaƙuwa, ta mutu.

Ɗanmusa ya murɗa makulli. Shiru. Ya ƙara. Shiru.

Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofofi, ya rufe musu idon sawu, ya hau ƙwauri. Fatsuma ta tallafo kan Habi sama.

"Tayar da ita!" Alhaji ya kai wa direba duka a ƙeya. "Tayar da ita, ɗan banza!"

"Ta mutu, Alhaji! Na gaya maka, Manu ya gaya maka, masu hito sun gaya maka!"

Alhaji ya shaƙo wuyansa. Ɗanmusa ya sa gwiwar hannu ya doke shi a baki, ya ja birkin hannu, ya sulale ta taga ya faɗa ruwa.

"Ni ina da ɗiya ƙanana! Ba ni mutuwa nan!"

A wannan lokacin aka ji ta. Tun daga nesa, kamar ana jan garwa goma a kan dutse. Ba a taɓa murnar jin mummunan kuka irin na ranar ba.

A-kori-kura ta tsaya a gaɓa tana hayaƙi. Manu ya fito, fuska a kumbure, hannu a rataye. Ya dubi gulbi. Bai ce na gaya maka ba, ko da ido.

"Ku hiddo min su!"

Masu fito shida suka shiga. Ta taga aka zaro Habi, aka ɗauko ta a saman kawuna, Fatsuma na biye riƙe da gora, Alhaji a ƙarshe ana jansa kamar buhu don bai iya ruwa ba. Aka kwantar da Habi a kan buhunan ƙaiƙayi. Leɓenta ya yi fari. Ta buɗe ido ta ga Manu.

"Baba, hannunka..."

"Ba komi. Kwanta."

Sai dai ga salun zaune daram a tsakiyar mashigi, ta cike shi daga turke zuwa turke. Babu ta inda za a raɓa.

Maza goma sha biyu suka shiga turawa. Ruwa har ƙirji, duwatsu na santsi, motar ta cika da ruwa ta yi nauyin giwa. Ko motsi. Aka ɗaura igiya a bayanta, a-kori-kura ta ja da baya, tayoyinta suka yi ta juyi a laka, igiyar ta tsinke ta zabge wani mai fito a fuska, ya faɗi yana riƙe da ido.

Hadari ya iso. Iska ta fara kaɗa tamfol.

"Saura hanya guda," Manu ya ce. "In taho da gudu in buge ta ta baya, in ture ta cikin rami."

Kowa ya dubi Alhaji. Yana tsaye, ruwa na ɗiga daga babbar rigarsa, leɓe a fashe.

"Buge ta," ya ce.

"Ba ta tahiya haka," in ji Ɗanmusa daga nesa, yana rawar sanyi. "Birki na ja. In ka buge ta da birki, taka motar ka hwashewa. In an saki birkin da wuri kuma, ruwa ya gicciye ta, ta toshe mashigi har rani. Sai mutum na ciki. Shi murɗe sitiyari dama shi riƙe, kana taɓa ta shi saki birki."

"To shiga," Manu ya ce.

"Wallahi ko za a yanka ni."

Masu fito suka kalli juna. Su ruwa suka sani, ba su san ƙarfe ba, kuma babu mai son ya shiga akwatin da za a jefa rami.

"Ɗanmusa," Alhaji ya ce. "Wane na birkin?"

Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba tun da aka haife shi!

"Sandar da ke ƙarƙashin sitiyari. Ka matse bakinta, ka tura gaba."

"Yaya, ba ka iya ruwa ba."

"Ban tambaye ka ba."

"Yaya, don Allah..."

"Manu, ka yi min gardama sau ɗaya yau, kuma kai ad da gaskiya. Kada ka ƙara, yanzu ni ad da ita."

Ya tuɓe babbar rigar, ya matse ta, ya ninke huɗu. Ya zo gefen a-kori-kura ya tsaya, fuskarsa na kallon gulbi. Ya miƙa wa Fatsuma rigar ta saman katako.

"A sa ƙarƙashin kai. A riƙe goshin da hannu."

"Alhaji," Habi ta ce. Da kyar aka ji.

Ya tsaya. Kafaɗunsa suka motsa. Na rantse na so ya juya, ku ma na san kun so. Bai juya ba.

"A ce mata ta yi haƙuri," ya ce da Fatsuma, ya gangara.

Masu fito biyu suka kai shi, suka cusa shi ta taga. Ruwa ya kai masa ciki a zaune. Huɗu suka koma ƙasa da mashigi da gorunansu, inda motar za ta faɗa.

"Kana sakin birki ka hito ta taga!" babbansu ya ɗaga murya. "Kada ka jira komi!"

Alhaji ya ɗaga hannu.

Manu ya ja da baya har gindin wata ƙirya. Ruwan sama ya sauko, yana shigo masa ta inda gilashi yake a da. Ya danne sitiyari da gwiwa, ya ƙetara ya sa giya ta ɗaya.

"Fatsuma, ki kwanta bisa gare ta!"

Ya taka.

A-kori-kura ta faɗa gulbi, ruwa ya tashi dama da hagu. Abu ɗaya Manu ya sani, kowane direban daji ya san shi. A cikin ruwa ba a ɗaga ƙafa daga totur. Ka ɗaga ko na numfashi ɗaya, salansa ta zuƙi ruwa, inji ya mutu, shi ke nan.

Gwaram!

Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Karyayyen hannun ya daki sitiyari, Manu ya ga wuta. Bayan salun ya lotse, fitilunta suka tarwatse. Ta motsa.

"Saki! Yaya, saki!"

Ta tafi. Hancinta ya karkata dama, ya karya turke ɗaya, ya karya na biyu. Tayar gaba ta rasa dutse. Motar nan mai tsawo ta sunkuya a hankali, ta kwanta a gefenta na dama.

Gefen tagar da Alhaji zai fita.

Hanya ta buɗe. A-kori-kura ta shiga gurbin, tana gurnani, ruwa na dukan ƙofa. Manu ya zo daidai da ita, ya duba.

Gilashin baya ne kaɗai a sama. A jikinsa, daga ciki, tafin hannu na duka.

Ɗaya. Biyu. Uku.

"Malam, tsaya!" Fatsuma na dukan bayan kujerarsa. "Bai hito ba! Tsaya, don Allah!"

Ƙarfen tayar da mota na nan gefen ƙafarsa. Bugu ɗaya zai fasa gilashin. Taku huɗu ne tsakani.

"Malam! Ta hwara aman jini! Malam, Alhaji!"

Manu ya dubi ƙarfen, ƙafarsa na kan totur.

Hannun ya daina duka. Fuska ta matso jikin gilashin, ruwa har haɓa. Ido biyu suka sami na Manu. Sai hannun ya sake ɗagowa, ya kaɗa gaba, ya ƙara kaɗawa, irin yadda ake korar kaji daga shanya.

Wuce.

Manu ya kurma wani ihu da bai san yana da shi ba, ya danna har ƙasa.

Tayoyin gaba suka kama gaɓar can, motar ta hau tana zubar da ruwa. Bai tsaya ba, wuyansa kawai ya juya.

Babu gilashi. Babu baƙin rufi. Goruna huɗu na yawo su kaɗai a kan ruwa, masu su sun yi nutso neman Alhaji.

Na farko ya ɗago, hannu wofi.

Na biyu ya ɗago, ya girgiza kai.

Na uku ya ɗago yana tari.

Na huɗun bai ɗago ba.